Wa Ya Faɗa Maka?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa, in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda mu ke karatun tarihi tare. Maganar kuwa a kan wani abu ce da yawancinmu mu ke ɗauka wahalar banza, watau faɗin inda muka samo abin da muka rubuta cikin jinga. Ni ma da haka na ke ɗaukarsa, sai da na sha kunya tukuna na sake tunani. Bari in fara da kunyar tawa, don kada wani ya ce na hau kan tudu ina yi wa mutane wa'azi.

A zangon da ya wuce Malaminmu na tarihi ya ba mu jinga, ya ce kowa ya rubuto yadda aka kafa garin Jalingo. Na yi murna, na ce yau ga banza ta faɗi, ai garinmu ne. Na cika shafi shida da kyakkyawan rubutu, sa'an nan a shafin ƙarshe na jera sunayen littattafai huɗu a matsayin madogara. Da takardu suka dawo, na duba ban ga maki ba. Abin da na gani shi ne tambaya guda da jan alƙalami, an maimaita ta sau uku a gefen shafi: "Wa ya faɗa maka?"

Na ɗauki takardata na tafi ofishinsa. Na gaishe shi, na ce, "Malam, ai na rubuta su a baya, ga su nan guda huɗu."

Ya juya shafin ya duba, ya ce, "Na gani. A cikin huɗun nan, wanne ka taɓa riƙewa da hannunka?"

Na yi shiru. Gaskiyar magana ita ce ko ɗaya ban taɓa gani ba. Sunayensu na kwafo daga bayan wata 'yar takarda da a ke sayarwa a shagon buga takardu. Abin da na karanta da idona wuri uku ne: 'yar takardar nan, da shafi biyu na intanet a wayata. Malam ya ce in je in ɗora ukun nan kusa da juna in karanta layi layi. Da na yi haka sai na iske kalmominsu ɗaya ne, har kuskuren da aka yi wajen rubuta sunan wani Bafaranshe yana nan a duka ukun, a wuri ɗaya. Ashe shaidun nan uku da na ke taƙama da su mutum ɗaya ne ya sake riga sau uku, shi ma ban san ko wane ne ba.

To, ra'ayina tun daga ran nan shi ne, faɗin madogara ba ado ba ne da a ke liƙa wa jinga don a sami maki biyar. Shi ne rabin aikin tarihi. Mai rubuta tarihi bai ga abin da ya ke ba da labarinsa ba, ji ya yi ko karantawa. Saboda haka mai karatu yana da hakkin ya san bakin da labarin ya fito, don ya auna shi da kansa. Kuma ba na jin akwai garin da wannan ya fi zama wajibi kamar namu. Ga dalilina.

Abin da marubuta suka haɗu a kai game da kafuwar Jalingo ba shi da yawa. A 1892 wani hafsan sojan ruwa na Faransa mai suna Louis Mizon ya hauro Binuwai da jiragensa, ya sauka a ƙasar Muri, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Muri Muhammadu Nya. A ƙarshen shekarar nan ya taimaki Sarki da mutanensa da bindigoginsa aka ci garin Kona na Jukunawa, wanda ke nan kusa da mu. A 1893 Sarki ya kafa sansani a inda garin nan ya ke yanzu, sansanin ya zama gari, garin ya zama mazaunin sarautar Muri, har a 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Taraba ya zama babban birninta. Sunan kansa daga Fulatanci ya fito, wasu su fassara shi da wurin nasara, wasu da wurin fifiko.

Daga nan fa sai baki ya rabu. Me ya sa aka yi yaƙin? Me ya auku ga mutanen Kona bayansa? Wa ke da gaskiya? Faransawa sun ba da nasu labarin, akwai wani marubucinsu Harry Alis, mai goyon bayan Faransa ta mallaki ƙasashe a Afirka, wanda ya buga labarin tafiye-tafiyen Mizon a 1894. Kamfanin Neja na Ingilishi, ƙarƙashin George Goldie, shi ma ya ba da nasa, ya kai ƙarar Mizon da zafi, yana cewa ya shiga ƙasar da ke hannun Kamfani, ya kuma sa hannu cikin kamun bayi. Amma kada mu manta Kamfani ɗan kasuwa ne da ba ya son kishiya a kogin, kamar yadda Alis ke son a ɗauki Mizon jarumi. Fadar Muri tana da nata labarin da a ke gado. Mutanen Kona kuma suna da nasu, wanda tsofaffi ke ba jikoki, kuma ba na jin wanda ya taɓa zama ya saurare shi zai ce labari ne mai daɗin ji.

Yanzu ku duba ajinmu. Akwai jikokin waɗanda suka yi yaƙin ta wannan gefe, akwai na wancan gefe, a benci ɗaya mu ke zama, kwano ɗaya mu ke ci. In na rubuta cewa an ci Kona saboda kaza, na yi shiru ban faɗi wanda ya ce haka ba, na mai da maganar ɓangare ɗaya ta zama hukunci, na kuma sa hannuna a ƙasa kamar ni ne alƙali. In kuwa na ce ga abin da Bafaranshe ya rubuta a shekara kaza, ga abin da Kamfani ya ce, ga yadda a ke faɗa a fada, ga yadda wani dattijo ya faɗa mini a Kona, to ɗan'uwana da ke gefena yana iya ƙin yarda da ni ba tare da ya ƙi ni ba. Zai je ya duba, ya dawo ya ce, "Wane, a nan ka yi kuskure," mu yi gardama irin ta masu ilimi, mu tashi mu tafi cin abinci. Gardamar da ba ta da madogara ita ce kan ƙare da "ku dama haka ku ke". Mun san inda irin wannan kalma ta sha kai mutane a jihar nan, ba sai na tsaya bayani ba.

Ko shekara, wadda mu ke gani kamar dutse ce ba ta motsi, tana bukatar a faɗi mai ita. Kowa ya haddace cewa an kafa masarautar Muri a 1817, a hannun Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe. Amma a farko Muri a ƙarƙashin Gombe ta ke, sai bayan rasuwar Hammaruwa a 1833 ta tsaya da ƙafarta tana bin Sakkwato kai tsaye. Mahmoud Hamman kuma, da ya rubuta littafi sukutum a kan kafuwar masarautar, wanda Gidan Arewa na Kaduna ya buga a 2007, daga 1812 ya ɗauko labarin. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa da abin da ya ke nufi da "kafawa". Ɗalibin da ya rubuta shekara tsirara, bai faɗi wanda ya bi ba, ya rufe wa mai karatu wannan ƙofa.

Wani amfanin kuma shi ne sanin tazarar da ke tsakanin mai ba da labari da abin da ya ke faɗi. A 1854 jirgin ruwa mai suna Pleiad ya hauro Binuwai ƙarƙashin Likita William Baikie, tare da shi akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda mu 'yan makarantar mishan muka san sunansa tun muna ƙanana. Sun kai har ƙasar Muri, kuma kowannensu ya rubuta littafin tafiyar, na Crowther ya fito a 1855, na Baikie a 1856. Abin da suka ce sun gani da ido, kamar hanya da kasuwa da yadda aka karɓe su, yana da nauyi, don gani ya kori ji. Amma abin da suka rubuta game da asalin mutane da yaƙe-yaƙen da suka wuce, ta bakin tafinta suka ji shi, cikin 'yan kwanaki, suna baƙi. Littafi ɗaya, amma shafi da shafi ba nauyinsu ɗaya ba. Shi ya sa ba ya isa a ce "in ji Baikie". Sai an faɗi shafin.

Hakanan littattafan ma'aikatan mulkin Turawa. J. M. Fremantle, wanda ya yi Razdan a lardin Muri, ya tattara labarin lardin cikin littafi, C. K. Meek kuma ya buga A Sudanese Kingdom a kan Jukunawa a 1931. Ba na cikin masu cewa a watsar da su. Sun adana abubuwa da yawa da yau babu mai tunawa. Amma Meek ma'aikacin Gwamnati ne, kuma H. R. Palmer, wanda ya rubuta wa littafin gabatarwa, babban mai mulki ne a Arewa, mai son ya danganta duk wata tsohuwar sarauta ta ƙasar nan da Masar ko Gabas, kamar baƙin mutum ba ya iya ƙago sarauta da kansa. In ɗalibi ya rubuta cewa sarautar Jukun ta yi kama da ta Fir'aunan Masar, bai ce daga Meek ya ɗauko ba, mai karatu zai zaci tsofaffin Wukari ne suka faɗa. Haka batun Kwararafa. Labarin hare-harensu kan Kano a ƙarni na 17 yana cikin tsohon tarihin sarakunan Kano na Larabci, wanda Palmer ya juya zuwa Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin nan a Kano aka tsara shi, wajen ƙarshen ƙarni na 19, watau waɗanda aka kai wa hari ne ke ba da labari, bayan shekaru kusan ɗari biyu. Ko Kwararafan nan su ne Jukunawa kai tsaye, ko kuwa taron ƙabilu ne da yawa, har yanzu masana suna muhawara. Mu kuwa sai mu rubuta shi cikin layi ɗaya kamar mun halarta.

Na sha jin wasu abokaina suna cewa duk wannan al'adar Turawa ce aka ɗora mana. Ban yarda ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusukhi, don ya lissafta malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta wurin kowa. Abokaina Musulmi sun fi ni sanin yadda malaman hadisi ke bin salsalar masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, su auna kowane mutum kafin su karɓi maganarsa. Mu kuma a makarantar mishan, yaro bai isa ya miƙe ya ce "an rubuta" ya zauna ba, sai ya faɗi littafi da sura da aya, in ya kasa ya sha dariya. Ku bar ma makaranta, ku je kara ranar kasuwar Iware. Wa zai sayi saniya hannun mutumin da ba wanda ya san shi, ba dillali, ba shaida? Kome arharta za a bar masa abarsa, don kada gobe mai ita ya zo da 'yan sanda. Mun san a tambayi asalin saniya, amma labarin kakanninmu sai mu saye shi hannun kowa.

Akwai abu guda da ya fi ba ni haushin kaina cikin jingar nan tawa. A shafi na huɗu na sa wani ɗan labari game da inda mutanen wata unguwa suka fara zama kafin su matso cikin gari. Wannan ban karanta shi ko'ina ba. Wani tsoho ne maƙwabcinmu ya ba ni, muna zaune a ƙofar gidansa da yamma. Shi kaɗai ne abin da na samo da ƙafata, amma shi ne ban faɗi mai shi ba, don ina jin kunyar in sa sunan tsohon da bai yi boko ba kusa da sunayen Turawa. Sai na rubuta "masana tarihi sun ce". Malam ya ja layi a ƙarƙashinsa ya ce, "Waɗanne masana?" Da na gaya masa gaskiya ya ce da na faɗi haka tun farko, da wannan sakin layi kaɗai ya ishe ni cin jingar.

Ku tuna fa, a 1963 wani shehun malamin tarihi na Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da wani tarihin da za a koyar sai na Turawan da suka shigo ta. Waɗanda suka ƙaryata shi ba da zagi suka yi ba, da aiki suka yi. Kenneth Dike ya riga ya buga littafinsa a kan ciniki da siyasa a bakin kogin Kwara a 1956. Jan Vansina ya fitar da littafi a 1961 yana nuna yadda za a tattara labarin baka a auna shi kamar yadda a ke auna takarda. A Zariya, Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina, wanda aka buga a 1981, ya bi gari gari yana tambayar tsofaffi, ya kuma nuna cewa ko Heinrich Barth, da Turawa ke ji da shi, sai an tambayi inda ya sauka da wanda ya ba shi labari. Abin da ya sa duniya ta karɓi maganar tsofaffinmu a matsayin hujja shi ne an faɗi ko su wane ne. Saboda haka in ka yi hira da tsoho, rubuta sunansa in ya yarda, da kimanin shekarunsa, da matsayinsa a gari, da wurin da kuka zauna, da ranar, da harshen da kuka yi magana, da wanda ya yi tafinta in akwai. Ka kuma tambaye shi, "Baba, kai wa ya ba ka wannan labari?" In bai yarda a faɗi sunansa ba, musamman a kan magana mai zafi irin ta yaƙi ko ta gona, sai ka ce wani dattijo ne a wuri kaza, ka ajiye sunan a littafinka, ka nuna wa malaminka kaɗai.

Na san abin da za a ce mini, don ni ma na faɗe shi: ina littattafan? Wannan kuka ne na gaskiya. Takardun mulkin Turawa da suka shafi ƙasar nan suna gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, kuma da ya ke an rushe lardin Muri a 1926 aka haɗa wannan yanki da Yola aka yi lardin Adamawa, mai nema sai ya bi ta takardun Yola da na Sakatariyar Arewa. Ɗalibin da kuɗin abincinsa ke ƙarewa kafin ƙarshen wata ba zai je Kaduna don jinga ɗaya ba. Amma rashin littafi bai halatta ƙarya ba. In ba ka ga Fremantle ba, a littafin wani ka ga an ambato shi, sai ka rubuta haka: in ji Fremantle, kamar yadda wane ya kawo a littafinsa, shafi kaza. Ba abin kunya a ciki. Abin kunya shi ne irin nawa, jera sunayen da ban taɓa gani ba. Madogara biyu na gaskiya sun fi goma na aro.

Game da intanet, ba na cewa a guje ta, akwai tsofaffin littattafai da yawa da aka ɗora a kai kyauta, har da na Baikie da na Crowther. Sai dai shafin da bai faɗi marubucinsa ba, bai kuma faɗi inda ya samo ba, daidai ya ke da "an ce" na bakin kasuwa. Sababbin na'urorin nan kuma da a ke yi wa tambaya su amsa, su kan ƙago sunan littafi da marubuci da lambar shafi waɗanda babu su a duniya, su faɗa maka ba ko kunya. Duk sunan da suka ba ka, sai ka nemo littafin ka gan shi kafin ya shiga takardarka.

Ina da ɗan roƙo ga malamanmu, da ladabi. Sau da yawa in an zo koyar da wannan abu, lokacin duka kan tafi a kan inda waƙafi zai zauna, da ko shekara ce ke gaba ko sunan gari. Tsari yana da kyau, kuma ya kamata kowane sashe ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. Amma ɗalibi yana iya sa kowane waƙafi a wurinsa alhali madogarar duka ta ƙarya ce, ni ne shaida. Sunan marubuci, sunan littafi, inda aka buga, shekara, da shafi, wannan ana koyonsa cikin rabin sa'a. Da za a riƙa kiran ɗalibi a ce ya kawo littafin ya buɗe shafin, ko sau ɗaya a zango, da shagunan nan masu sayar da jinga dafaffiya sun rage ciniki.

Abin da ya sa na damu har na ɗauki alƙalami shi ne mu ba don kanmu mu ke karatu ba. Lokacin da na fita koyon koyarwa an ba ni aji mai yara fiye da sittin. Duk abin da na rubuta a allo sai su kwafe shi ba tambaya, har da kuskuren rubutuna. Yaro ba ya cewa malam wa ya faɗa maka. Zai kai shi gida, ya riƙe shi har ya tsufa, wata rana ya faɗa wa wani da rantsuwa cewa a makaranta aka koya musu. In abin da na ba shi labarin ɓangare ɗaya ne da na tsinta a 'yar takardar da ba ta da uba, to na shuka abin da ba ni zan girbe ba.

Malam ya ba ni mako uku in sake jingar. Na sami littafi ɗaya a laburare, na karanta babin Baikie a wayar wani abokina, na kuma koma wurin tsohon nan da littafin rubutu a hannu. Da na tambaye shi wa ya ba shi labarin, ya yi dariya ya ce, "Yaro, yau kuma alƙali ka zama?" Sa'an nan ya ce daga bakin gwaggonsa ya ji, ita kuwa aure ne ya kawo ta unguwar, ba a nan aka haife ta ba. Ya ce in ina son wanda ya fi shi sani, akwai wata tsohuwa a hanyar Kona da ta girme shi. Ran Asabar mai zuwa za mu je da wani ɗan ajinmu da ke jin harshen, shi zai yi mini tafinta.